Hasashen Siffofin Gado a Tsirrai ta Hanyar Alil Marinjayi da Noƙaƙƙe: Nazari a kan Fis, Wake, Gyaɗa da Masara

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda ake hasashen siffofin da zuriyar tsirrai za ta gada idan an san alilan iyayenta da yadda wani ke rinjayar wani. An yi bitar ayyukan magabata tun daga gwaje-gwajen Gregor Mendel a kan fis, sannan aka yi amfani da lissafin yiwuwa da gwajin kai-sukwaya wajen duba misalai uku da suka shafi amfanin gonar Afirka ta Yamma: juriyar wake ga wuta-wuta, juriyar gyaɗa ga kuturta, da ingancin furotin a masara. Matsayar maƙalar ita ce rinjaye ba ya taɓa yadda alilai ke rarrabuwa a zuriya, iyakarsa ya sauya abin da ido ke iya gani. Daga nan ne wahalar mai inganta iri take faɗowa a matakai mabambanta, gwargwadon ko siffar da yake nema marinjayiya ce ko noƙaƙƙiya.

1.0 Gabatarwa

Mai inganta iri yana haɗa auren tsirrai biyu ne da wata bukata a ransa: ya ɗauko juriyar cuta daga wannan, ya haɗa da girman ƙwaya ko saurin nuna na wancan. Kafin ya shuka ko da ƙwaya ɗaya yana bukatar amsar tambayoyi uku. Tsirrai nawa zai shuka kafin ya sa ran samun wanda yake nema? Idan ya samu, yaya zai tabbatar 'ya'yansa ba za su sauya ba? Damina nawa aikin zai ci? Fili da ma'aikata da kuɗin bincike duk sun rataya ne a kan waɗannan amsoshi.

A ajin karatu an fi tsayawa a kan rabon 3:1 da na 9:3:3:1, ɗalibi ya haddace su ya cike jadawali. Wannan koyarwa daidai ce, sai dai takan bar ɗalibi da zaton cewa rabon alkawari ne, alhali kuwa yiwuwa ce kawai. Takan kuma bar shi da zaton cewa alil marinjayi ya fi ƙarfi ko ya fi yaɗuwa. Manufar wannan maƙala ita ce ta fito da abin da rabon ke faɗa a haƙiƙa, da abin da ba ya iya faɗa, ta kuma nuna yadda ake juya shi ya zama adadin tsirrai da adadin zuriyoyi a aikin fili.

2.0 Waiwaye a kan Ayyukan Magabata

Ra'ayin da ya yi tashe a Turai kafin ƙarshen ƙarni na 19 shi ne siffofin iyaye narkewa suke yi a jikin ɗa, dogo da gajere su haifi matsakaici, kuma abin da ya narke ba ya sake warewa. Mendel, wanda malamin kirista ne a gidan ibada na Brno cikin ƙasar Cek ta yau, ya shafe shekarun 1856 zuwa 1863 yana haɗa auren nau'o'in fis, Pisum sativum. Ya gabatar da sakamakon a zama biyu, a watannin Fabrairu da Maris na 1865, aka buga shi a 1866. Ya zaɓi siffofi bakwai masu fuska biyu-biyu. A kowace, zuriya ta farko ta ɗauko fuska ɗaya kawai, amma a zuriya ta biyu sai fuskar da ta ɓace ta dawo cif yadda take, a kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Abin da ya narke ba ya dawowa haka.

Aikin ya kwanta har 1900, shekarar da Hugo de Vries da Carl Correns da Erich von Tschermak suka fito da shi. Daga nan abubuwa suka yi sauri. A Kambirij, Rowland Biffen ya nuna a 1905 cewa juriyar alkama ga cutar tsatsa mai ruwan ɗorawa noƙaƙƙiyar siffa ce da ke bin rabon Mendel, kuma wannan na cikin hujjojin farko da suka nuna ana iya gina juriyar cuta da lissafi. William Bateson da Edith Saunders da Reginald Punnett sun ci karo da siffofin da suka ƙi rabuwa da juna a furen Lathyrus odoratus, kuma jadawalin da ɗalibai ke cikewa a yau sunan Punnett yake ɗauke da shi. Wilhelm Johannsen na Denmak ya bambanta ƙunshin gado da kamannin zahiri a 1909. A wannan shekara Herman Nilsson-Ehle na Suwidin ya samu rabon 15:1 da 63:1 a launin ƙwayar alkama, abin da ya nuna siffa ɗaya na iya dogara ga ƙwayoyin gado biyu ko uku.

Akwai suka guda da ta dace a ambata. A 1936 Ronald Fisher ya yi iƙirarin cewa alƙaluman Mendel sun yi kusa da abin da ake sa rai fiye da yadda sa'a za ta bayar. An daɗe ana muhawara a kan dalilin haka, amma ba a samu wanda ya rushe dokokin ba, domin an maimaita gwaje-gwajen a tsirrai da dama. Wani ɓangare na sukar tasa yana da amfani kai tsaye ga wannan nazari, za a dawo kansa a sashe na 4.1.

A Nijeriya, B. B. Singh na cibiyar IITA da A. M. Emechebe na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello, sun bayyana a 1990 cewa ƙwayar gado ɗaya marinjayiya ce ke ba wani wake juriya ga wuta-wuta. A ɓangaren gyaɗa kuwa, de Berchoux a 1960 da Nigam da Bock a 1990 sun samu cewa ƙwayoyin gado biyu noƙaƙƙu ne ke ba da juriya ga kuturta. Waɗannan ayyuka sun tsaya ne ga gano rabon. Abin da wannan maƙala ta ƙara shi ne jera su gefe da gefe a ga abin da kowane rabo yake jawo wa mai aiki da shi.

3.0 Hanyar Nazari da Keɓaɓɓun Kalmomi

Ba a gudanar da sabon gwajin fili ba. An ɗauki alƙaluma da rabe-raben da magabata suka buga, aka sake lissafa su. Inda aka kawo misali na ƙaddarawa, an faɗi haka a fili.

Ƙwayar gado ita ce yankin DNA da ke tafiyar da wata siffa, alil kuma shi ne kowane nau'in wannan ƙwaya. Tsiro na ɗauke da alil biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Idan biyun iri ɗaya ne, tsiron tsantsa ne. Idan sun bambanta, ruwa-biyu ne. Alilin da siffarsa ke bayyana a ruwa-biyu shi ne marinjayi, ana rubuta shi da babban baƙi. Wanda siffarsa ba ta bayyana sai a tsantsa shi ne noƙaƙƙe, da ƙaramin baƙi. Ƙunshin gado shi ne alilan da tsiro ke ɗauke da su, kamannin zahiri kuma abin da aka gani ko aka auna. F1 zuriyar farko ce ta auren iyaye biyu tsantsa, F2 kuma 'ya'yan F1 ne ta hanyar barbarar-kai.

Kayan aikin lissafi uku ne. Na farko ƙa'idar ninkawa: yiwuwar aukuwar abubuwa biyu da ba su dogara da juna ba ita ce ninkin yiwuwar kowanne. Na biyu gwajin kai-sukwaya, wanda Karl Pearson ya fito da shi a 1900: ga kowane rukuni a ɗebe adadin da aka sa rai daga wanda aka gani, a ninka saura da kansa, a raba da wanda aka sa rai, sannan a tara. A ma'aunin kashi 5 cikin ɗari, iyakar ita ce 3.84 ga rukuni biyu, 7.81 ga rukuni huɗu. Na uku shi ne lissafin yawan tsirrai: idan p ce yiwuwar samun tsiron da ake nema, yiwuwar a rasa shi gaba ɗaya cikin tsirrai n ita ce (1 − p) a ninka da kanta sau n. Ana neman n da zai sauko da wannan ƙasa da kashi 5 ko kashi 1 cikin ɗari.

4.0 Nazari

4.1 Abin da ke Ƙarƙashin Rabon 3:1

A ɗauki siffar ƙwayar fis, mulmulalliya ko mai tamoji. Uwa RR, uba rr, duk F1 Rr ne, kuma duk mulmulallu. Kowane tsiron F1 na fitar da ƙwayoyin haihuwa iri biyu daidai-wa-daida, rabi R rabi r. Da ƙa'idar ninkawa, F2 za ta kasance RR kashi ɗaya cikin huɗu, Rr kashi biyu, rr kashi ɗaya. Wannan 1:2:1 shi ne ainihin rabon gado. Ido ne ba ya bambanta RR da Rr, sai ya haɗe su ya ga 3:1.

Mendel ya ƙirga ƙwayoyi 7,324, ya samu mulmulallu 5,474 da masu tamoji 1,850. Rabon 3:1 na sa ran 5,493 da 1,831. Kai-sukwaya ya tashi 0.26, nesa da iyakar 3.84. Sai ya ƙara mataki, ya shuka mulmulallun F2 guda 565 ya duba 'ya'yansu: 193 sun haifi mulmulallu zalla, 372 sun haifi duka biyun. Wato kusan biyu cikin uku na masu siffar marinjayi suna ɓoye da noƙaƙƙen alil.

A nan ne sukar Fisher ta shigo. Ga siffofin da sai an shuka ake ganinsu, Mendel ya duba 'ya'ya goma ne daga kowane tsiro. Yiwuwar ruwa-biyu ya haifi 'ya'ya goma babu noƙaƙƙe ko ɗaya ita ce 3/4 a ninka sau goma, wato kimanin kashi 5.6 cikin ɗari. Irin waɗannan za a ɗauke su tsantsa bisa kuskure, don haka rabon da ya kamata a sa rai 1.7:1 ne, ba 2:1 ba. Wannan gargaɗi ne ga duk mai gwajin zuriya a yau. Da 'ya'ya 11 kuskuren na sauka ƙasa da kashi 5 cikin ɗari, da 17 ƙasa da kashi 1. Idan kuwa aka aurar da tsiron da tsantsan noƙaƙƙe, abin da ake kira auren-gwaji, 'ya'ya 5 da 7 sun wadatar ga waɗannan ma'aunai, domin rabon ya koma 1:1.

Me ya sa R ke rinjayar r? A 1990 masu bincike a Cibiyar John Innes ta Ingila sun gano cewa wani guntun DNA ne ya kutsa cikin alilin r ya lalata inzayim ɗin da ke yi wa sitaci rassa. Ƙwayar rr takan tara sukari, ta sha ruwa da yawa, idan ta bushe ta yi tamoji. A ƙwayar Rr kuwa, alil ɗaya lafiyayye yana samar da inzayim da ya isa ta fito mulmulalliya. Ke nan R bai danne r ba, aikin da r ya kasa yi ne ya wadatar da shi. Kuma akwai wuraren da alil ɗaya ba ya wadatarwa: Correns ya aurar da jan fure da fari a Mirabilis jalapa, F1 ta fito tsaka-tsaki, F2 ta nuna 1:2:1 ƙarara. Gadon bai bambanta da na fis ba ko kaɗan.

4.2 Siffofi Biyu a Lokaci Guda

Idan ƙwayoyin gado biyu ba su sarƙe da juna ba, ninka 3:1 da 3:1 ake yi a samu 9:3:3:1. Cikin ƙwayoyi 556 Mendel ya samu 315, 108, 101 da 32, kai-sukwaya 0.47. Jadawalin Punnett na nuna wannan da gidaje 16, amma da ƙwayoyin gado uku gidajen 64 ne, da huɗu 256, don haka ninkawa ta fi sauƙi.

Sharaɗin rashin sarƙuwa ba ƙarami ba ne. A gwajin Bateson da abokan aikinsa kan launin fure da siffar garin fure, tsirrai 381 sun rabu 284, 21, 21 da 55, alhali ana sa ran kimanin 214, 71, 71 da 24. Kai-sukwaya ya haura 130. Haɗuwar siffofin biyu ce ta fi saɓawa, domin ƙwayoyin biyu na zaune kusa da juna a kuromosom ɗaya. Wake na da kuromosom 11 a kowace ƙwayar haihuwa, masara 10, gero 7. Da dubban ƙwayoyin gado a kan 'yan kuromosom kaɗan haka, dole mai hasashe ya gwada rashin sarƙuwa kafin ya gina lissafi a kai.

4.3 Siffa Marinjayiya: Wake da Wuta-wuta

Wuta-wutar wake, Striga gesnerioides, tana maƙalewa a saiwa ta tsotse ruwa da abinci tun kafin ta leƙo waje, kuma ta fi yin ɓarna a jigawa mai ƙarancin taki da ƙarancin ruwan sama. Waken da ake kira B301, ɗan asalin Botswana, yana jure mata. Da aka aurar da shi da wake marar juriya, F1 ta jure, F2 ta rabu 3:1, aka sa wa ƙwayar gadon suna Rsg1. Daga baya Atokple da Singh da Emechebe sun nuna a 1993 cewa juriyar B301 ga ɗaya ciyawar mai tsotson wake, Alectra vogelii, gadonta daban yake, ba a sarƙe da na wuta-wuta ba. Ƙwayoyin gado biyu marinjaya ne ke ba da ita, kowace ɗaya ta wadatar, rabon kuma 15:1.

Da waɗannan bayanai ana iya yin hasashe. Yiwuwar tsiron F2 ya jure duka biyun ita ce 3/4 sau 15/16, wato 45/64, kimanin kashi 70 cikin ɗari. Samun mai juriya ba wuya ke nan. Amma guda nawa ne za su haifi masu juriya zalla? Ga wuta-wuta sai tsantsa, 1/4. Ga Alectra sai tsiron ya zama tsantsa a aƙalla ɗaya daga cikin ƙwayoyin biyu, 7/16. Ninkinsu 7/64. Ke nan cikin tsirrai 45 da suka tsira a gwaji, 7 kacal ne tabbatattu, sauran 38 za su ci gaba da fitar da marasa juriya. Wannan ita ce wahalar siffa marinjayiya, kuma ba ta bayyana sai bayan an yi zaɓe.

Wake mai barbarar-kai ne, don haka lokaci na taimakawa. Kowace zuriya na rage ruwa-biyu da rabi: 1/2 a F2, 1/8 a F4, 1/32 a F6. Cikin masu jure wuta-wuta, ruwa-biyu kashi 2/3 ne a F2, 2/9 a F4, 2/33 a F6, idan ba a yi zaɓe a tsakani ba. Alamomin DNA na gajarta wannan hanya domin suna bambanta tsantsa da ruwa-biyu daga ɗan guntun ganye.

Inda marinjayiya ta yi zarra shi ne auren-komawa. Ƙwayoyin B301 ƙanana ne, ba irin manyan da ake rububi a kasuwar Dawanau ba, saboda haka juriyarsa kaɗai ake so. Ana aurar da F1 da waken da kasuwa ke so, a zaɓi rabin da suka jure, a sake aurar da su da shi. A matsakaici, gadon waken kasuwa na kaiwa kashi 75 cikin ɗari a komawa ta farko, 87.5 a ta biyu, 93.75 a ta uku. Duk wannan na tafiya ba tsayawa, tunda ana ganin juriyar a ruwa-biyu. IT97K-499-35, wanda aka saki a Nijeriya da sunan SAMPEA 10, daga B301 ya samo juriyarsa.

Abubuwa biyu na iya karkatar da hasashen. Na ɗaya shi ne tsallakewa: tsiro marar juriya da saiwarsa ba ta haɗu da irin wuta-wuta ba zai shiga lissafin masu juriya. A ƙaddara ɗaya cikin biyar na marasa juriya ya tsallake. 75:25 zai koma 80:20, wanda ya fi kama da rabon 13:3 na ƙwayoyin gado biyu. Kai-sukwaya ba zai raba gardamar ba idan tsirran kaɗan ne: cikin ɗari, 78 da 22 na ba da 0.48 ga 3:1 da 0.69 ga 13:3, duka sun shige. Gwajin na iya kore rabo, amma ba ya tabbatar da shi. Maganin tsallakewa shi ne gwaji a tukwane da aka cika wa irin wuta-wuta, a wanke saiwa a duba, sannan a haɗa da sakamakon auren-komawa da na F3. Na biyu shi ne ita kanta wuta-wutar launi-launi ce. B301 na jure wadda ke Nijeriya da Nijar, amma wadda ke yankin Zakpota na Jamhuriyar Benin tana cin sa. Li da Timko sun ware ƙwayar gadon wannan juriya a 2009, suka nuna tana aiki ne ga launi takamaimai. Rabon 3:1 magana ce a kan wake da wuta-wutar da aka yi gwajin da ita.

4.4 Siffa Noƙaƙƙiya: Gyaɗa da Kuturta

Ƙwarin darɓa, Aphis craccivora, su ke yaɗa kuturtar gyaɗa. A annobar 1975 an kiyasta ta lalata kimanin hekta 700,000 a arewacin Nijeriya. An samo juriya a wasu nau'o'in gyaɗa na yankin iyakar Burkina Faso da Kwaddibuwa, amma masu daɗewa ne kafin su nuna, ba su dace da wuraren da damina ke da gajarta ba. Aikin da ya faɗo kan masu inganta iri shi ne su kai juriyar cikin gyaɗa mai saurin nuna.

Lissafin nan kishiyar na wake ne. F1 duk tana kamuwa. A F2 tsiro ɗaya cikin 16 ne ke da noƙaƙƙen alil tsantsa a ƙwayoyin biyu. Domin a sa ran samun ko da guda ɗaya da tabbacin kashi 95 cikin ɗari ana bukatar tsirrai 47, da tabbacin kashi 99 kuma 72. Amma guda ɗaya ba ya isa, domin cikin masu juriyar ne za a sake zaɓen mai saurin nuna da yawan mai. Idan ana son goma, sai an shuka 160 a matsakaici. Da a ce za a ƙara wata noƙaƙƙiyar ƙwaya ta uku, yiwuwar ta koma 1/64, tsirran kuma 191 da 293. Rabon 15:1 ba baƙo ba ne a gyaɗa, saboda kuromosom ɗinta 40 haɗin gadon kakanni biyu ne na daji, ƙwayoyin gado da yawa suna da kwafi biyu.

Sakayyar wannan wahala ita ce duk tsiron da ya jure da gaske tsantsa ne, 'ya'yansa za su jure. Gwajin zuriya a nan na kama waɗanda suka tsallake ne kawai, shi ya sa ake jera layukan gyaɗa mai cutar a tsakanin layukan gwaji domin darɓa ta kai ko'ina. A auren-komawa kuwa noƙaƙƙiya na jan lokaci. Bayan kowace komawa duk tsirran na kamuwa, ɗaya cikin huɗu ne ke ɗauke da alilan biyu a ɓoye, kuma ba a gane shi sai an bar su sun yi barbarar-kai an duba 'ya'yansu. Zuriyoyin na iya ninkuwa. SAMNUT 23 na cikin nau'o'i masu saurin nuna da juriyar kuturta da aka samar a Samaru tare da cibiyar ICRISAT.

4.5 Tsirrai Masu Barbarar-waje

Duk lissafin da ya gabata ya ginu ne a kan sanin uba. A gero da masara iska ce ke ɗaukar bununi daga gona zuwa gona, don haka yawan alil a cikin taron tsirrai ake lissafawa. G. H. Hardy da Wilhelm Weinberg sun nuna a 1908, kowa da kansa, cewa idan barbara ta zama ta kan-mai-uwa-da-wabi kuma ba zaɓe, yawan alil ba ya sauyawa daga zuriya zuwa zuriya. Marinjayi ba ya yaɗuwa don kawai shi marinjayi ne.

A ƙaddara wani noƙaƙƙen alil da ba a so yana da yawan kashi 10 cikin ɗari a wani irin gero. Tsiro ɗaya cikin ɗari ne zai nuna siffar, 18 kuma na ɗauke da shi a ɓoye. Ko da an tuge duk masu nunawa kafin su yi bununi, a kowace shekara ba fashi, sai an yi zuriya goma kafin yawan alilin ya ragu da rabi.

Idan noƙaƙƙiyar siffar ce ake so, matsalar juyawa take yi. A 1964 Mertz da Bates da Nelson na Jami'ar Purdue ta Amurka sun gano cewa noƙaƙƙen alilin opaque-2 na ƙara laisin da tiriftofan a furotin ɗin masara, sai dai ƙwayar takan yi laushi kamar alli. Surinder Vasal da Evangelina Villegas na cibiyar CIMMYT a Meziko sun tara wasu ƙwayoyin gado masu gyarawa har ƙwayar ta yi tauri, aikin da ya sa suka samu lambar yabon abinci ta duniya a 2000. Daga wannan tushe aka saki Obatanpa a Gana a 1992, wadda aka sani a Nijeriya da SAMMAZ 14.

Ƙwayar da bununin masarar gargajiya ya faɗa wa tana rasa ingancin a wannan daminar, tunda alil marinjayi ya shige ta. Kuma saboda an riga an taurara ƙwayar, manomi ba zai bambanta ta da ido ba. A ƙaddara kashi 10 cikin ɗari na bununin da ke sauka a gona daga maƙwabta yake zuwa kowace shekara, manomin kuma daga girbinsa yake ajiye iri. Yawan noƙaƙƙen alil a irin nasa zai riƙa raguwa da kashi 5 cikin ɗari na abin da ya saura duk shekara. Ƙwayoyin da ke da cikakken inganci za su kasance kashi 90 cikin ɗari a girbin farko, 81 a na biyu, 73 a na uku, 66 a na huɗu, 60 a na biyar. Da waɗannan alƙaluma hukumar iri za ta iya tsayar da tazarar da gonar samar da iri ke bukata daga sauran gonaki, da kuma bayan girbi nawa ya kamata manomi ya sabunta irinsa.